Jelar da Aka Tafasa a Rumde Ajiya

Daga kan iyaka zan fara, don a can ne tafiyar ta fara nuna mana haƙoranta. Sunana Sale, mutumin Azare. Karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba, ga saurin hasala, ga sakin baki, Allah ya yafe mini. Wanda na rako shi ne yayana Habu, tela, wanda ƙafarsa ta dama ta ruɓe daga ƙauri zuwa idon sawu bayan babur ya kayar da shi. Da wannan ƙafar yake taka keken ɗinki, da ita yake ciyar da gidansa. A asibitocinmu an yi masa allura har jijiya ta ɓuya, gyambon ko gezau, daga ƙarshe aka ce sai yankewa. Ƙanin mahaifinmu, Baffa Ɗanjuma, wanda ya daɗe yana kasuwanci a Garwa, can ƙetaren iyaka, shi ya kira ya ce kada mu yarda, akwai wata likita a garin da take warkar da ciwon da ya gagari allura. Ƙafar nan muka je ceto, ba wani abu ba.

Jandarman, wato ɗan sandan ƙasar, da ya tsayar da mu bayan mun wuce Mubi yana jin Hausa sarai, da kunnena na ji yana cinikin rake da ita. Da ya zo kanmu sai Faransanci. Ya sa Yaya ya kwance ƙafar a tsakiyar rana, wai ya ga ko mun ɓoye kaya a cikin bandejin. Ƙudaje suka taru. Da warin ya buge shi sai ya ja da baya yana toshe hanci, ya yi mana nuni da hannu kamar mai korar awaki. Na buɗe baki zan faɗa masa wadda ba zai manta ba, Yaya ya mintsine ni.

"Sale, magani muka zo nema, ba shari'a ba."

A garin Gidar direban motar ya sauke mu, ya ce fasinjoji sun koka da wari. Alhali a tasha ya ga ƙafar da idonsa kafin ya ɗauke mu, ya rantse har Garwa zai kai mu. Na bi motar ina zagi har ta ɓace, na dawo na tarar da Yaya zaune a kan dutse yana korar ƙuda da hularsa. Wanda ya taimake mu wani manomi ne daga kan duwatsu, da gicciye a wuyansa, yana kai albasa kasuwa. Ya gyara wa Yaya wuri a kan buhuna, ya ce da irin Hausarsu ta kasuwa, "Ku hau. Albasa ma yana wari, ba wanda zai san na wane ne." Ban tambayi sunansa ba. Fushin direba ya cika mini ciki, godiyar kirki ma ban yi masa ba.

Garwa gari ne mai zafin da yake dafa mutum a tsaye. Gidan Baffa yana Rumde Ajiya, unguwar 'yan kasuwa, shagonsa a ƙofar gida, da babban firji na zoɓo da kunun aya da ruwan sanyi. Ba zan zalunce shi ba, ya karɓe mu hannu bibbiyu. Ɗakinsa na baƙi ya ba mu, matarsa Hajiya ba ta taɓa barin mu da yunwa ba. Sai dai Baffa mutum ne mai tsananin kula da tsarki. Butarsa ba mai taɓawa. In kaza ta ratsa ta kan tabarmar sallarsa, sai an wanke an shanya.

Likitar sunanta Dakta Martina, 'yar kan duwatsu ce ita ma, tana da ƙaramin ɗakin bincike a jikin wani asibiti can ƙetaren gari. Ita ce mutum ta farko da ta sunkuya kan ƙafar Yaya ba ta yamutsa fuska ba. Ta ɗebi mugunya a ɗan tsinke, ta ce mu dawo. Da muka dawo sai ta zaunar da mu gaban kwamfuta.

"Malam Habu, abin da yake cin ƙafarka rai gare shi. Bakteriya ne, kuma ya saba da duk allurar da aka yi maka. Amma shi ma yana da mai cin sa."

Ta nuna mana hoto. Wani abu ne mai kai kamar goruba mai kusurwoyi, da doguwar jela, a ƙarshen jelar kuma wasu siraran zaruruwa kamar ƙafafun gizo-gizo. Ta ce bairas ne, su suna ce masa faj, ba ruwansa da mutum, bakteriya kaɗai yake ci.

"Kan nan rumbu ne kawai, iri ne a ciki. Aikin duk yana jela. Kun ga zaren nan? Silin furotin uku ne aka murɗe wuri ɗaya, kowane lanƙwasa da mazauninsa. Bakin zaren yana da siffa, kuma sai ya sami daidai da siffarsa a jikin rigar bakteriya sannan ya kama. In ya kama, kuben jelar ya tsuke, bututun ciki ya huda rigar, ya zuba irinsa. Su hayayyafa a ciki har bakteriya ya fashe."

Yaya ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Wato maɓalli da ƙofarsa. In ƙofar ba tasa ba ce, ko ka yini kana turawa."

Ta yi dariya ta ce, "Haka ne, tela. Shekaruna ina auna maɓallin nan. Na gwada duk waɗanda nake da su a kan na ƙafarka, ɗaya ne ya shiga ƙofar."

Ni ne na tambaye ta inda take samun su. Ta ce inda bakteriya suka yi yawa, nan masu cin su suke, wannan ma daga magudanar kwatar mahauta ta samo kakansa. Sannan ta yi bayani dalla-dalla cewa ana tace ruwan, a sake tacewa, a ware bairas ɗin shi kaɗai, a raine shi a kwalba zuriya bayan zuriya, har ya zamana abin da ke cikin maganin su ne da ruwan gishiri mai tsabta, ba ɗigon kwata ko ɗaya. Duk na ji. Na gyaɗa kai.

Aka fara wanke gyambon da ruwan. Wallahi na gani da idona. Warin ya fara ja da baya, ruwan da ke tsiyaya ya ragu, gefen ciwon ya fara yin ja irin na nama mai rai. Yaya ya fara cin tuwo yana neman ƙari. Matsalar ita ce hanya. Kullum sai mun hau kilando, wato ɗan acaɓansu, mu ratsa gari, kowane rami sai ciwon ya yi jini. Sai Dakta ta koya mini wankin, ta ba ni ƙananan kwalabe a cikin kula, ta ce in ajiye a firji.

"Malam Sale, sanyi suke so. Ba ƙanƙara ba, ba rana ba. Jelar nan ba ta da ƙashi."

Na kai su firjin Baffa, na sa a can ƙasa, bayan robobin zoɓo.

Kullum bayan la'asar dattawan unguwa suna zama a ƙofar shagon, Hausa da Fulatanci da Faransanci duk a tukunya ɗaya. Suna yawan tsokanata, wai mu 'yan Najeriya mun fi kowa baki amma ƙafa ɗaya ta gagare mu sai mun ƙetaro. Wata rana wani mai sayar da atamfa ya ce, "To ɗan Azare, wane irin ruwa ne wannan da likitocinku ba su da shi? Zamzam ne?"

Nan shaiɗan ya hau harshena. Ina so su san ni ma na shiga ɗakin bincike na ga abin da ba su gani ba. Na ce, "Zamzam? Ruwan kwatar mahauta ne. Inda ake wanke tumbi da hanji, nan ake kamo su. Wasu halittu ne masu jela, ido ba ya ganin su."

Aka yi ta salati ana dariya, ni kuwa ina jin daɗi. Maganar tacewa da rainon ban kawo ta ba, don ba ta da armashi. Baffa yana zaune yana jan carbi. Baki shi ke yanka wuya, amma a wannan karon ba wuyan mai bakin ya yanka ba.

Na ci gaba da wanki safe da yamma kamar yadda aka koya mini. Sai na ga jan naman ya fara dusashewa. Na ce ko idona ne. Warin ya dawo, da farko kaɗan, daga baya har Hajiya ta fara turara ɗakin. Yaya ya daina neman ƙari, sannan ya daina cin na farkon. Na ƙara yawan ruwan da nake zubawa, na ƙi komawa wurin Dakta da wuri, don ina gudun a ce ni ne ban iya wankin ba. Sai da zazzaɓi ya rufe shi na ɗauke shi muka tafi.

Abin da na yi a ɗakin likitar nan, har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni. A gaban ma'aikatanta na ce mata mayaudariya. Na ce ta mayar da yayana abin gwaji don mu baƙi ne ba mu da kowa. Na ce da ɗan garinsu ne da ba ta ba shi ruwan banza ba. Ta bar ni na gama.

"Ka zo da sauran kwalaben?"

Na dangwarar mata da su. Ta ɗaga ɗaya, ta duba takardar da ke manne a jiki. Takardar ta yi tamoji-tamoji, rubutun ya zube. Ni kullum ina ɗauka ina buɗewa, ban taɓa lura ba, na zaci raɓar firji ce. Ta ɗiga ruwan a kan wani faranti da ta shuka bakteriyan Yaya, ta ɗiga na wurinta a wani, ta ce in dawo washegari. Da na dawo ta ajiye mini su biyu a gaba. Ba sai an yi karatu ba. Inda nata ya sauka akwai 'yan wurare da suka washe. Inda nawa ya sauka ba komai.

"Wannan matacce ne. Wuta ta taɓa shi. Ka taɓa ganin ƙwan da aka soya ya koma ɗanye? Haka jelar take. In zafi ya warware murɗin nan, ba ya komawa, ko ka mayar da shi sanyi. Wa yake buɗe firjin?"

Ban hau kilando ba, da ƙafa na koma Rumde Ajiya, don in na zauna a bayan wani zan iya shaƙe shi. Na sami Baffa yana jera robobi. Ban yi sallama ba.

"Baffa, wa ya taɓa maganin Yaya?"

Ko ɗar bai yi ba. "Ni na sa Hajiya ta tafasa su."

"Ta tafasa?"

"Da bakinka ka ce ruwan kwata ne. Ruwan kwata a firjin da Musulmi suke shan zoɓo? A ƙafar mutumin da yake sallah? Lokacin kwalara me likitocin nan suka yi ta faɗa mana a rediyo? Ku tafasa ruwa. To na tafasa. Ban zubar ba, ban rage ba, na bari ya huce na mayar inda ka ajiye. Gyara na yi muku."

"An tace shi, Baffa. Ba najasa a ciki."

"Ka faɗa?"

Ban faɗa ba kuwa. Sai na ce, "Me ya hana ka tambaye ni?"

"In tambaye ka? Ranar sunanka ni na riƙe ragon."

Abin da na faɗa masa bayan wannan ba zan rubuta ba. Mutanen kasuwa ne suka riƙe ni. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne fuskarsa. Ba fuskar mai laifi ba ce, fuskar mutumin da ya yi alheri aka saka masa da rashin kunya ce. A ranar na kwashe Yaya muka koma asibitin, shi a gado, ni a baranda tare da sauran masu jinya.

Na zaci Dakta za ta ba mu sababbin kwalabe a ci gaba. Ta sake ɗibar mugunya ta gwada, sai ta kira ni. Ta ce a farkon magani an kashe mafi yawan bakteriyan, saura kaɗan. A kwanakin da nake zuba mataccen ruwa, waɗanda suka tsira suka yaɗu, kuma waɗannan rigarsu daban ce, ƙofar da jelar take kamawa ta sauya siffa. Ta ɗiga faj ɗin nan mai rai a kansu, ya wuce su kamar bai gan su ba. Sai an nemo wani mai wata jelar. Ruwan magudanun Garwa duk ta bincika. Inda ba ta taɓa ɗiba ba shi ne Lagdo, wurin masunta, kuma ba ta da wanda za ta aika.

Na ce ni zan je. Ta dube ni, matar da na zaga a gaban mutanenta, ta miƙo mini kula da kwalabe da safar hannu.

"Mafi ƙazanta za ka ɗebo. Inda kai kanka ba za ka so ka taka ba."

Lagdo madatsar ruwa ce a kan kogin Binuwai, hayaƙin banda ya rufe bakin ruwan, kowane yare kana ji. Wani mai kwalekwale ya ce ya san ainihin wurin da nake nema. Ya yi ta yawo da ni har tsakiyar tafki, inda ruwa yake garai-garai, ya ce in ɗiba, nan likitoci suke so. Na ce masa mai datti nake nema. Ya ce to ai ban faɗa ba, komawa gaɓa kuma wani cinikin ne. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Na haɗiye, don in na yi faɗa a tsakiyar ruwa ban iya iyo ba.

Da ƙafata na samo wurin, bayan rumfunan banda, inda mata suke feɗe kifi suna zubar da ruwan ciki, ya haɗu da na makewayi ya kwanta baƙi ƙirin. Na durƙusa a ciki har gwiwa. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya nuna mini famfo. Wata dattijuwa mai banda ta ce, "Ɗana, lafiyarka kuwa?" Na gaya mata ƙafar yayana ce. Ba ta gane yadda wannan ruwan zai zama magani ba, ni ma ban tsaya dogon bayani ba, amma ta nuna mini wani lungu da ya fi wancan muni. Da azahar ta yi, kayana duk najasa, mijinta ya ara mini riga da wando na yi sallah. Ta ƙunsa mini kifi ta ce in kai wa mara lafiya. Ina zaune a bakin ruwan nan da rigar wani, sai na tuna innarmu, wadda muka ce wa kwana kaɗan za mu yi mu dawo da Yaya yana takawa. Na kifa kai a gwiwa, na daɗe ban ɗago ba.

A cikin ruwan da na kawo an sami faj ɗaya mai cin su. Dakta ta nuna mini farantin, wuraren sun washe amma dishi-dishi. Ta ce jelarsa tana kamawa, sai dai riƙon ba ƙarfi, kuma kafin ta ware shi ta tsarkake shi ta raine shi har ya isa sa wa mutum, sai an ɗauki lokaci. Ƙafar ba ta jira ba. Kumburi ya fara hawa, Yaya ya fara kiran sunayen mutanen da suka mutu. Likitan tiyata ya ce in ya wuce gwiwa, ba ƙafa za a yi magana a kai ba. Dakta Martina da kanta ta ce mini in sa hannu. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Na ba ta haƙuri kafin mu bar asibitin. Ta ce ta ji zagin da ya fi nawa, in kula da dungun kada ya jiƙe. Ta koma kan farantanta.

Ranar da za mu tafi, muna tasha muna jiran mota ta cika, sai ga Baffa. Ya rame. Yana riƙe da sandunan guragu guda biyu sababbi, kafinta ya yi su, an naɗe wurin hammata da tsumma mai laushi. Ya tsaya a gaban Yaya zai miƙa masa su. Na miƙe na tsaya a tsakaninsu. Na ce ya mayar da itacensa ya tafasa. Na ce duk Azare sai sun ji abin da ya yi. Ina cikin yi Yaya ya kama bakin rigata.

"Sale, matsa."

"Yaya, mutumin nan..."

"Ƙafata aka yanke, ba taka ba. Matsa in gaida Baffana."

Na matsa. Ya karɓi sandunan da hannu biyu, ya ce Allah ya saka da alheri, ya ce a gaida Hajiya. Baffa ya juya da sauri yana goge ido da hannun riga. Kwandasta ya fara buga jikin mota. Yaya ya gwada miƙewa da sandunan, bai saba ba, ya koma ya zauna.

"To sarkin fushi, in ka gama, ɗaga ni."

Na sunkuya na ɗauke shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Wannan rashin nauyin ne har yau na kasa yafe wa Baffa, na kuma kasa yafe wa bakina.